LAMBAR DA BA TA RABUWA

Jama'a, yau ku bar ni in taɓa fanninmu, ko da za ku ce 'yan lissafi sun fara.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7. Firam muke ce musu a aji. A Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano mafi girma da aka sani a cikinsu. Ka jera 2 har guda 136,279,841, ka ninka su da juna, ka cire 1, ita ke nan. Alƙalumanta 41,024,320! In kana rubuta ɗaya duk daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ka haura kwana 474.

Amma ba sai ka rubuta ta za ka san halinta ba. Ninkin 2 kullum da 2, 4, 8, 6 yake ƙarewa, ya sake zagayowa. Bi zagayen, za ka tarar da 1 ta ƙare. Ita ce ta 52 da aka gano a dangin da ake kira na Mersenne, kuma kowacce a dangin tana haifar da cikakkiyar lamba. Misali 7 ta haifi 28, wadda in ka tara masu raba ta, 1+2+4+7+14, ita za ka sake samu.

Kawuna ɗan canji ne a titin Owerri, nan Asata, shi ke biya mini kuɗin mastas. Tambayarsa kullum: "Ɗana, wannan lissafin naka yana kawo ko sisi?" Nakan ce, "Kawu, ita wannan ƙatuwar ba ta sayen ko goro. Amma ƙannenta masu alƙaluma ɗaruruwa suna cikin masu gadin tiransifa ɗinku: ninka biyu daga cikinsu wasa ne, warware su kuwa kwamfuta ta gaza." Sai ya ce, "To, Allah Ya amfana." Bai gamsu ba, amma bai fasa biya ba.

Ga masu cewa wannan ilimin ba namu ba ne: Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimin lambobi. Farfesa Chike Obi na Onitsha kuwa a Zariya aka haife shi a 1921.

Tun zamanin Yunanawa aka tabbatar firam ba su da ta ƙarshe. Ta gaba tana nan, mai haƙuri take jira. Masu fama da furojet, Allah Ya ba mu sa'a.