Latti, Makara da Marigayi

"Ku turo ƙofar nan, kada yara su ji muna yi wa Turancinsu dariya," in ji Yaya Hajara, ta tura farantin gyaɗa tsakiyar tabarma. Labarin ɗan ƙanwarta ne da ke karatu a Ingila. Wai a wani ofis aka tambaye shi mahaifinsa, yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "My father is late." Baturiyar ofishin ta yi murmushi, ta ce ai ba komai, ya zauna su jira shi.

Muka yi salati, sannan dariya ta ƙwace mana. Allah Ya jiƙan Alhaji mahaifin nasa, shekararsa nawa a ƙasa.

"To, Malama, laifin wa?" Yaya ta juya wajen Rabi, wadda ke koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata.

Rabi ta ce ba laifin kowa. A Najeriya, kai har Ghana, in mutum ya ce wane "is late", kowa ya san rasuwa ake nufi. A Ingila kuwa sai an sa kalmar a gaban sunan mutum take zama marigayi. Tun da Sarauniya Elizabeth ta rasu a 2022 suke ce mata "the late Queen". In ka kai kalmar bayan suna, to ka ce mutum yana hanya, cunkoson motoci ne ya tsare shi.

Na tambaye ta yadda aka yi kalma ɗaya ta ɗauki mai nawa da mamaci a lokaci guda. Ta gyara zama, don Rabi in an taɓo nan ba ta gajiya. Ta ce a tsohon Turanci, fiye da shekara dubu da suka wuce, asalin ma'anarta nawa ce, irin ta mai sanyin jiki. Mai nawa shi ke isowa a baya, daga nan ta koma abin da ya zo a ƙarshe, sai kuma abin da ya faru kwanan nan. Marigayi ya shigo ta wannan ƙofar: wanda yake tare da mu ba da jimawa ba. Shi ya sa ɗalibanta ke faɗuwa a kan "lately", suna zaton "a makare" ne, alhali "kwanan nan" take nufi. "Latest" kuma, da 'yan kasuwar Kwari ke kiran atamfa da shi, sabon yayi ne, babu jinkiri a ciki ko kaɗan. Mace ma in aka ce tana "late thirties", ba ta makara a komai ba, arba'in ce ta kusa.

"Wannan dai kada ki kalle ni," in ji Talatu.

Talatu nas ce, ita ta rage murya ta kawo wadda ba mu sani ba. Ta ce in Baturiya ta ja ƙawarta gefe ta raɗa mata "I'm late", ba maganar agogo take yi ba. Ɓatan wata ne. Yaya Hajara ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah, kalma ɗaya daga ciki har kabari."

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da muka yi da ita da ta shigo bakinmu. Mun yanke mata duk waɗannan rassa, muka bar guda ɗaya, muka sa mata suna latti. Kuma ba don ba mu da tamu ba, makara tana nan tun kaka da kakanni. Amma ku saurara da kyau, ba wuri ɗaya suke zama ba. Ba na jin na taɓa jin tsohuwa ta ce ta yi lattin sahur, makara take yi. Asuba ma makara ake yi. Manomin da ruwan shuka ya wuce shi ya makara, haka wanda ya zo neman gafarar mutum ya tarar an kai shi. Latti kuwa 'yar ƙararrawa ce. Tare suka zo da makarantar boko da ofis: 'yan latti a durƙushe a bakin get, monita na rubuta suna, a tsinci shara ko a yi tsallen kwaɗo, magatakarda ya ja jan layi a rajistar sa hannu, ɗalibi ya biya kuɗin latti don rajistar jarrabawa ta wuce shi. Latti ana biyan tararta a wuce. Makara sau da yawa ba ta da tara, sai da-na-sani.

Rabi ta ce ban yi ƙarya ba, amma yaran yanzu sun cakuɗa su, ba ruwansu. Ta ƙara da cewa a makarantun Amurka ɗan latti "tardy" ake ce masa, kalmar da suka aro daga Faransanci. Talatu, da dangin mijinta ke Maraɗi, ta ce lalle tana jin 'yan bokon can suna cewa "retard". Rabi ta ce uwarsu ɗaya, daga Latin suka fito.

Sai Yaya Hajara ta yi shiru, ta ce, "Kun manta wani abu. Me ake ɗaukar gawa a kai?"

Makara. A rubuce harafi ɗaya ba ya bambanta su, sai a lafazi. Rabi ta yi saurin cewa kada mu ƙulla musu zumuntar da babu, dacewa ce kawai. Na yarda, amma tsigar jikina sai da ta tashi.

Daga nan zance ya gangaro kan abin da ake ce wa African time, wanda ni dai ban taɓa yarda halinmu ne ba. Ku duba ɗaurin aure a Kano. Kati ya ce ƙarfe sha ɗaya, namiji ya iso sha ɗaya da kwata, ya tarar an shafa fatiha maroƙa na sanarwa. Jana'iza ba ta jiran kowa, liman ba ya jinkirta Juma'a don attajiri. Mutanen nan dai su ne za ka rubuta musu walima ƙarfe biyu su shigo bayan la'asar suna taku ɗai-ɗai. Mun san lokaci sarai, muna dai auna abin da zai tafi ya bar mu da abin da zai zauna ya jira.

"Gaskiya ce," in ji Talatu, "amma ke ma a kamun Zainab sai da aka fara rabon abinci kika iso."

Na ce mai ɗinki ce ta riƙe ni. Ba wadda ta ko ɗaga kai.

Yaya Hajara ta jawo jakarta ta fito da takardar da za a kai wa mai buga kati, bikin autarta ya matso. Ta ce tana son a fara kamu ƙarfe huɗu, me za ta rubuta?

"Rubuta biyu, Yaya," in ji Rabi.

"Dangin ango fa? 'Yan Zariya ne, ban san halinsu ba. Kada su zo biyun su tarar ko kujeru ba a jera ba."

Talatu ta ce to a buga kati iri biyu, nasu daban namu daban. Yaya ta ɗauki biro ta tambayi nawa mai bugawa zai ƙara.