Sankarar da ba ta da ƙari

A Tasawa da Mayahi, in ka ce sankara, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne ƙari a nono, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Abu ne da ake nunawa da yatsa. Shi ya sa "sankarar jini" ba ta zama a kunnen mutanenmu. Jini kuma? To ina kumburin?

Wadda lokotoro ke rubutawa LAM a takarda, cikin ɓargo take farawa. Fararen ƙwayoyin jini da ba su ƙosa ba su cika wuri, su hana sauran fitowa. Mutum ya yi fari fat, ga masassara, ga dasashi na zubar da jini. Mu kuwa da sunanmu a shirye: ƙarancin jini. Zazzaɓin sauro da sikila sun saba mana da shi. A ƙara leda biyu, a koma gida. Kawuna sau uku aka ƙara masa kafin wani ya ce a duba ɓargo.

Tun 1973 masu bincike suka fito da haɗin 7+3: kwana 7 na sitarabin, 3 na donorubisin. Cikin waɗanda ba su kai shekara 60 ba, fiye da rabi ciwon yakan lafa musu. Amma ciwo ne na makonni, Yamai kuwa ta fi kilomita 700 daga Tasawa.

Kalmar "lafa" ɗin nan ita ta fi damuna, ni ɗalibin harshe. Lokotoro ya faɗa da Faransanci, tafinta ya juyo ya ce wa dangi "ya warke". Sai a yi hamdala, a ɗaure kaya, alhali akwai sauran zagayen magani a gaba.