Na Yi Wa Mai Rai Ta'aziyya

A watan Agustan 2021 na yanke hukunci guda biyu a kan wasannin jami'o'in Amurka, na faɗa a majalisa, na kuma rubuta inda jama'a za su karanta. Na farko, na ce gamayyar Big 12 ta riga ta mutu, ranar jana'iza kawai ake jira. Na biyu, na ce gamayyar Pac-12 ta fi ƙarfin rushewa, ko sauran duk sun watse ita za a tarar a tsaye. Shekara biyu bayan nan, wadda na yi wa ta'aziyya ta murmure har ta tara jami'o'i 16, wadda na bugi ƙirji da ita kuwa goma daga cikin 'ya'yanta 12 sun ɗaure kayansu. Tunda a bainar jama'a na yi maganar, a bainar jama'a ya kamata in janye ta, in kuma faɗi inda na baro hanya.

Ga wanda bai saba da harkar ba, wasan jami'a a Amurka ba wasan yara ba ne. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da dubu 107, kuma cika yake yi ranar Asabar idan ana ƙwallon zari-ruga irin tasu. Jami'o'in kan haɗa kai rukuni-rukuni, kowace gamayya tana shirya gasarta, tana sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninta, a raba kuɗin tsakanin 'ya'yanta. A da hukumar NCAA ce ke riƙe da wannan ciniki, har zuwa 1984 da Kotun Ƙolin Amurka ta ƙwace shi daga hannunta a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar. Tun daga nan kowace gamayya ke cin kasuwarta. Na san wannan tarihi sarai, amma ban ba shi nauyin da ya kamata ba.

Abin da ya ruɗe ni da Pac-12 shi ne asali. Tushenta ya koma 1915, lokacin da jami'o'i huɗu na gaɓar Tekun Fasifik suka zauna a birnin Portland suka ƙulla zumunci. A lokacin tana da Stanford da UCLA da USC, ta tara kofunan ƙasa sama da 500 a wasanni daban-daban, har ana yi mata kirari da gamayyar zakaru. Tun 1947 har zuwa lokacin zakaranta ke haɗuwa da zakaran gamayyar Big Ten a wasan Rose Bowl na farkon shekara. Big 12 kuwa gida ne da aka saba gudu daga cikinsa. Nebraska da Colorado sun fita a 2011, Texas A&M da Missouri suka bi su a 2012. Da labari ya fito a Yulin 2021 cewa Texas da Oklahoma, ginshiƙan gidan, za su koma gamayyar SEC, sai na ƙirga takwas ɗin da suka rage, ban ga mai sunan da zai riƙe rufi ba.

Akwai kuma abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa, wanda duk mai kallon ƙwallon Turai zai tuna. A watan Afrilun shekarar, manyan ƙungiyoyi 12 sun shelanta gasar Super League, cikin kwana uku shirin ya ruguje. Magoya bayan Chelsea suka tare hanya a Stamford Bridge, gwamnatin Birtaniya ta yi barazanar kafa doka, ƙungiyoyin Ingila shida suka janye suna ba da haƙuri. Daga nan na ɗauki karatun cewa duk inda kuɗi ya yi karo da tarihi, tarihi ne zai yi nasara. Na ɗauki wannan karatu na tsallaka teku da shi ba tare da na tambayi kaina ko ƙasar ɗaya ce ba. A Turai akwai UEFA mai iya korar ƙungiya daga gasa, akwai gwamnati mai tsoron masu zaɓe. A Amurka NCAA ba ta da ta cewa a kan gamayyar da jami'a za ta shiga. Shugaban jami'a da hukumar gudanarwarsa ne ke yanke shawara, magoya bayan wadda aka gayyata gidan masu kuɗi kuwa murna suke yi.

Wani ƙanina da ke karatu a can ya ja hankalina tun a lokacin. Ya kira ni ya ce, "Yaya, kana ta ƙirga kofuna. Ka duba yaushe kwangilarsu ta talabijin za ta ƙare?" Na ce masa, "Kai yaro, gidan da ya shekara ɗari ba takarda ce ke riƙe da shi ba." Ya ce, "To Yaya, Allah Ya kai mu." Ban sake waiwayar maganar ba.

Da a ce na duba a lokacin, ga abin da zan gani. Kwangilar da Pac-12 ta ƙulla da ESPN da Fox a 2011, ta dala biliyan 3 a shekara 12, za ta ƙare ne a 2024, kuma takardar da ta ɗaure jami'o'in da juna tare da ita za ta ƙare. Bayan wannan rana kowa yana iya tafiya ba tare da ya bar ko sisi ba. Tashar da shugabanta na lokacin, Larry Scott, ya kafa a 2012 mallakin gamayyar ce ita kaɗai, babu wani babban gidan talabijin da ya sa hannun jari, kuma har ta rufe ba ta samu shiga DirecTV ba, don haka miliyoyin gidaje ba su taɓa ganinta ba. Ga matsalar agogo: yamma tana bayan gabas da awa uku, wasan da aka take da bakwai da rabi na dare a Kalifoniya, goma da rabi ne a New York, lokacin da yawancin masu kallo sun yi barci. Duk wannan a fili yake, ba sirri ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa fenti nake kallo.

A cikin watan da nake cika baki, Pac-12 ta yi abubuwa biyu da na yaba, waɗanda daga baya suka zama silar faɗuwarta. Ta ƙulla ƙawance da gamayyoyin Big Ten da ACC, shugabannin uku suka fito suna alfahari cewa babu takardar da aka sa wa hannu, amana ce tsakanin dattawa. Sannan ta shelanta cewa ba ta buƙatar ƙarin 'ya'ya, alhali ragowar Big 12 na tsaye a ƙofarta suna neman mafaka. Da ta buɗe ƙofar a ranar, da ita ce ta haɗiye kishiyarta. Big 12 da ta ga babu mai cetonta sai ta koma ta gayyaci BYU da Cincinnati da Houston da UCF a watan Satumba. Na yi musu dariya, na ce an cike gurbin zakuna da 'yan kyanwa.

Wata goma bayan amanar dattawa, ranar 30 ga Yunin 2022, USC da UCLA suka sanar da komawa Big Ten, wato ɗaya daga cikin abokan amanar. Da su aka tafi da Los Angeles, kasuwar talabijin ta biyu mafi girma a ƙasar. A watan Agusta Big Ten ta sa hannu a kwangilar shekara bakwai ta fiye da dala biliyan 7 da Fox da CBS da NBC. Nan ne ya kamata in ce na yi kuskure. Maimakon haka sai na ƙara tsunduma, na ce goman da suka rage sun isa. Wannan ya fi na farko muni, domin na farko rashin bincike ne, na biyu kuwa kunyar janye magana ce.

Abin mamaki, shugabannin Pac-12 ma ciwon da ke damuna ne ke damunsu. 'Yan jarida sun ruwaito cewa ESPN ta yi musu tayin kusan dala miliyan 30 ga kowace jami'a a shekara, suka ce sai 50. Sabon shugaban Big 12, Brett Yormark, bai tsaya jan ciniki ba. Duk da kwangilarsa tana da sauran lokaci fiye da ta Pac-12, ya riga su zuwa, a Oktoban 2022 ya karɓi kimanin miliyan 31 da ɗoriya ga kowace jami'a daga ESPN da Fox na tsawon shekara shida. Da Pac-12 ta dawo teburin, masu saye sun riga sun cika buhunsu.

Cikin goman da suka rage a Pac-12, Colorado ce ta fara zamewa a ƙarshen Yulin 2023. Abin da shugaban Pac-12, George Kliavkoff, ya iya kawowa shi ne tayin Apple, wanda bai wuce dala miliyan 25 ga kowace jami'a ba, kuma ta intanet za a riƙa kallo, ƙari sai idan masu biyan kuɗin kallo sun yi yawa. Safiyar Juma'a 4 ga Agusta aka sa za a zauna a sa hannu. Gab da zaman, Oregon da Washington suka ce su sun karɓi gayyatar Big Ten, duk da kusan rabin kaso za a riƙa ba su a shekarun farko. Kafin dare Arizona da Arizona State da Utah sun koma Big 12. Jami'o'i biyar a yini ɗaya. Ranar 1 ga Satumba jami'o'in Stanford da Kalifoniya, da ke bakin Fasifik, suka shiga ACC, gamayyar da sunanta ma na gaɓar Atlantika ne, a kan ɗan kaso kaɗan. A daren na kira ƙanina na ce masa ya yi gaskiya. Bai ƙara min da komai ba sai "Allah Ya kyauta, Yaya."

Aka bar Oregon State da Washington State, jami'o'in ƙananan garuruwan Corvallis da Pullman, waɗanda laifinsu kawai shi ne babu yawan akwatunan talabijin a kewayensu. Sai da suka je kotu kafin suka karɓi ragamar abin da ya rage na gidan. Ga kuma 'yan wasan ƙwallon raga da na kwando da sauransu, waɗanda ba a tambaye su ba: ɗalibar UCLA yanzu tana iya tashi daga Los Angeles zuwa New Jersey, tafiyar kusan kilomita dubu 4, don wasa ɗaya a tsakiyar mako, ta dawo ta tarar da jarrabawa. Mafi ɗaci, a kakar ƙarshe ta tsohuwar Pac-12 Washington ta kai wasan ƙarshe na ƙasa ba tare da an ci ta ko sau ɗaya ba, sai Michigan ta doke ta a Janairun 2024. Iya wasa bai taɓa zama matsalar gidan ba.

Izinar da na ɗauka ta wuce cewa kuɗi na da ƙarfi, wannan kowa ya sani. Big 12 ta tsira ne saboda wuyar da ta sha ta koya mata sanin farashinta, ta karɓi abin da kasuwa ta ba ta tun ana so. Pac-12 ta auna kanta da kofunan kakanni, ta yi wa masu saye tsada har suka tashi. Ni kuma na bi ta a baya ina tafa mata, saboda labarin asali ya fi daɗin faɗa a kan karanta kwangila. Na ga rauni na ce mutuwa ce, na ga ƙasaita na ce lafiya ce, kuma da wanda ya fi ni kusa da abin ya yi min gyara, shekarunsa na duba, ban duba hujjarsa ba.

Sunan Pac-12 bai ɓace ba. Jami'o'in nan biyu sun gayyato Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State da Texas State da Gonzaga don su tashi sabon gida daga 2026. Wannan karon ba zan yi duba ba. Amma mai karatu, idan aka nuna maka wata haɗaka aka ce ta fi ƙarfin rabuwa, ta wasa ce ko ta kasuwa, kada ka tsaya a kan shekarunta. Ka tambayi me aka sa wa hannu, yaushe zai ƙare, kuma me babban cikinsu zai rasa idan ya fita. Idan amsar ta ƙarshe ita ce babu komai, to zamansa na ɗan lokaci ne.