Mako Shida a Tumfure

Wata huɗu na yi ina yi wa iyalina ƙarya. Kullum da safe in sa kaya in ce na tafi shago, alhali teburin mai shayi nake zuwa a bakin titin Bauchi, nan Tumfure, in zauna har shayin ya huce ban kurɓa ba. Barci ya ƙaurace mini, zuciya tana ta saƙa mini cewa yarana za su fi hutawa in babu ni. Na ja bakina na yi shiru, don na san za a ce raunin imani ne.

Yayana ne ya lura. Ya kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka ce ciwon damuwa ne, aka ba ni ƙwayoyi. Likita ya ce sai mako huɗu zuwa shida za su fara aiki. Mako shida! Ni da nake ganin wayewar gari kamar hawan dutse.

A tsakiyar wannan jiran na karanta labarin ketamin a waya. Allurar barci ce ta ɗakin tiyata, tun 1970 ake amfani da ita a Amurka. A 2000 likitocin Jami'ar Yale suka gano cewa ɗan kaɗan daga cikinta yana sauke nauyin damuwa cikin sa'o'i, kuma a 2019 Amurka ta amince da dangin maganin mai suna Spravato, wanda ake fesawa a hanci. Washegari na nufi wani kemis neman ta. Dattijon da ke ciki ya sauke tabarau ya dube ni.

"Ɗana, wa ya aiko ka? Wannan ba ta kanti ba ce."

Na fita raina a ɓace. Da na gaya wa likita, bai yi mini faɗa ba. Ya ce maganin gaskiya ne, amma yana tayar da hawan jini, yana sa mutum ya ji kamar ya rabu da jikinsa, sauƙinsa kuma kwanaki ne, sai an maimaita a gaban likita. Masu shan sa da ka, mafitsararsu ke lalacewa.

Har yau ina jin ciwon cewa talakanmu ba ya samun wannan kulawa cikin sauƙi a lokacin da ya fi buƙata. Ni dai Yaya ne ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, ya kwana nan dare arba'in, da asuba ya ce, "Tashi mu je masallaci." Ranar wata Laraba, a mako na biyar, na ji yunwa, na ce a ƙaro mini tuwo.