Wuƙar Soja ta Sidi 15

A wurinmu masu sayar da kayan ƙarfe a kasuwar Aboabo ta Tamale, akwai wata haja da muke kira wuƙar soja. Ba ta naɗewa, ƙarfenta a tsaye yake, tsawon bakinta kamar inci 6 zuwa 7, mariƙinta baƙi ko kore irin kalar kakin soja, kuma tana zuwa da kubenta na roba ko na yadi mai kauri. Sunan ne kawai na soja, babu rundunar da ta ba da kwangilarta. Mutum iri uku ke tambayarta a rumfata: direbobin manyan motoci da yaransu, sai fataken dabbobi da na hatsi, sai kuma samarin da suka gan ta a fim. Direba da falke tambayarsu ɗaya ce, "Alhaji, za ta daɗe?" Saurayi kuwa juya ta yake yi a hannu yana kallon ƙyallinta, bai damu da amsa ba.

Tambayar masu aikin nake so in amsa a nan, domin shekara 30 ke nan ina wannan sana'a, kuma ni kaina ina da irin wuƙar. Na saye ta a Kumasi a 2012 a kan sidi 15, har yau tana cikin jakar tafiyata.

Asalin siffarta daga Amurka ne. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin ruwan Amurka suka karɓi wata wuƙa da ta yi suna da Ka-Bar. Bakinta inci 7 ne, ƙarfenta irin wanda ake kira 1095, mariƙinta kuma zobban fata ne aka jera aka matse. Da ita suke buɗe akwati da gwangwani, su yanke igiya, su tona rami. Wato ko a hannun sojan ma, aikin wahala ya fi yawa a kanta. Daga baya, a 1982, fim ɗin Rambo ya fito da wata mai haƙoran zarto a baya da rami a cikin mariƙi inda ake zuba ashana da allura. Tun daga nan masana'antu suka shiga kwaikwayon waɗannan biyun. Yawancin masu arahar da ke iso mana daga Sin suke, kuma a can akwai birni guda, Yangjiang a lardin Guangdong, da ya shahara da ƙera wuƙaƙe da almakashi. A masana'antun nan ana yin mai kyau, ana yin ta banza, gwargwadon kuɗin da ɗan kasuwa ya ajiye. Shi ya sa za ka ga wuƙa biyu kamar tagwaye, farashi ɗaya, amma ɗaya ta yi shekara 10, ɗaya ko wata ba ta rufa ba.

Bambancin yana ɓoye ne a inda ido ba ya gani, cikin mariƙi. Ƙarfen wuƙa yana da wutsiya da ke shigewa cikin abin riƙon. A wata, wutsiyar mai faɗi ce, ta tafi har ƙarshe. A wata kuma siririya ce kamar ƙusa, wani sa'in ma walda aka yi mata, sai roba ta rufe asirin. Mai rami a mariƙi ta fi kowacce rauni, don an ba ashana wurin da ya kamata ƙarfe ya zauna.

Na ga wannan da idona a 2016, saura kwana biyar Babbar Salla. Na hau wata babbar mota mai ɗauke da raguna zuwa Kumasi, ni zan je saro kaya. Mun wuce gadar Yapei, ba mu kai Buipe ba, ga ruwa ana tsugawa, sai tayar baya ta fashe, motar ta sauka gefen hanya ta kishingiɗa a cikin laka. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni mai tsanani. Amma ragunan da aka ɗaure a jikin katako duk suka zube gefe ɗaya, igiya ta shaƙe wuyansu, na sama ya danne na ƙasa. Mai dabbobin, wani dattijo daga Bawku, sai salati yake yi yana cewa, "Jama'a ku taimaka, jarina ke nan duka!" Igiyar roba idan ta jiƙe kuma nauyi ya ja ta, babu mai kwance ƙullinta da hannu.

Wuƙa biyu ce a motar, tawa da ta yaron mota. Tasa sabuwa ce fil, da haƙoran zarto, ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba. Ya sa ta zai ɓamɓare wani katako da ya tokare ƙofar baya, ya danna sau biyu, sai ƙas, bakin ya rabu da mariƙi, ya bar shi da roba a hannu. Tawa ce muka riƙa miƙa wa juna, ni da shi da direba, muna yanke igiya ɗaya bayan ɗaya, daga baya muka ɗora itace a bayanta muna bugawa har katakon ya tsage. Raguna biyu ne kawai muka ga ba za su tashi ba, dattijon ya yi bismilla ya yanka su kafin su zama mushe. Sauran duk sun isa kasuwa. Bakin wuƙata ya ɗan ɓalle kusa da tsini, har yanzu tabon na nan.

Da na dawo na kai wa wani maƙeri da muke hulɗa, cikin maƙeran Dagomba da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Ya ɗora ta a injin washi, ya nuna mini tartsatsin: dogaye masu rassa kamar furen gero. Ya ce, "Alhaji, wannan ƙarfen gaske ne, ɗan uwan sifirin mota." Su da sifirin tsofaffin motoci suke ƙera adda da wuƙar fawa, don haka sun san shi. Irin wannan ƙarfe yana ɗaukar kaifi da wuri, yana riƙe shi, amma yana tsatsa. Mai ƙyallin nan da ba ya tsatsa, an haɗa shi ne da wani sinadari mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10 da ɗoriya cikin 100. Akwai mai kyau a cikinsa, sai dai wanda ake sa wa wuƙa mai araha sau da yawa laushi gare shi, ka wasa da safe, kafin azahar ya dakushe.

To, ga yadda nake gwada wuƙa kafin in saro, kuma kowa zai iya yi a gaban mai rumfa. Ka zo da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar sifikar rediyo ne, ka bi da shi a kan mariƙin daga sama zuwa ƙasa. Inda ya daina kamawa, nan ƙarfe ya ƙare. In ya sake a rabin hanya, ajiye ta. Sannan ka riƙe bakin da tsumma ka girgiza mariƙin, in ka ji motsi ko kaɗan, ba ta da rai mai tsawo. Ka duba kaurin bayanta, kada ya gaza milimita 3. Ka goga magagari a hankali kusa da gindin kaifin: in ya ci ƙarfen kamar sabulu, ba a gasa shi yadda ya kamata ba, in kuwa yana zamewa yana ƙara, to da sauƙi. Daga ƙarshe ka kifa kuben ka girgiza. Wuƙar da ke zubowa da kanta, wata rana ƙafarka ko ta ɗanka za ta samu. Yawancin kuben da ke zuwa da su ba su da kirki, nawa bai yi shekara ba ya yage, na kai wa baduku a Zango ya ɗinka mini na fatar saniya, shi ne har yau.

Riƙo ma rabin daɗewa ne. Tamale damina ɗaya gare mu, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma a watannin nan wuƙa ke lalacewa, musamman in an bar ta a jiƙe cikin kube. Ni bayan aiki ina goge ta, in shafa mata man kaɗanya kaɗan, tunda ba ma rasa shi a nan, kuma ba ya ɓata abinci in ka yanka nama ko doya da ita. In hunturu ya shigo, kuben ne ke son mai don kada ya tsattsage. Washi kuwa a dutse da ruwa nake yi. Masu injin da ke yawo kasuwa suna da sauri, amma in suka bari bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, ƙarfin ƙarfen ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Sai dai a san aikinta. Wannan wuƙar wahala ce: yanke igiya da tamfol, farke buhu, fere turke, tsaga itacen hura wuta in mota ta kwana a daji. Kaurinta ya sa ba ta dace da fiɗa ba, mahauci ba zai musanya barhonsa da ita ba. Uwargida ma in kin sa ta yanka albasa da kuɓewa, hannunki ne zai gaji. Ga layya kuma, malamanmu kullum suna jan kunne a kaifafa wuƙa don kada a wahalar da dabba, saboda haka duk wanda ya zo neman ta yanka, ta maƙera mai siririn baki nake miƙa masa, ko da ribata a kanta ba ta kai ba. Saran daji kuwa aikin adda ne, mai tambarin kada da manoman Ghana suka sani ta fi ta sau goma a wannan fagen.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, tawa ba ta da ado, baƙin fentinta ya goge tuntuni. Amma ɗan kasuwa da lissafi yake magana. Sidi 15 a shekara 12 da ɗoriya, ko ka haɗa da kuɗin baduku, abin da ya hau kaina a shekara bai kai kuɗin koko da ƙosai na safiya ɗaya a yau ba. Wanda ya sayi mai ƙyalli sau biyar a wannan tsakanin, shi ne ya sayi mai tsada. Ka-Bar ta asali kuwa, in ka canza dalarta zuwa sidi, kuɗin ya isa jarin ƙaramin tebur, kuma yaron mota ba zai yarda ya buga mata itace a baya ba don tausayin kuɗinsa. Wuƙar da kake tsoron sa wa aiki, amfaninta kaɗan ne a kan hanya.

Saura maganar samari, ita ce ta fi damuna. Dokar laifuka ta Ghana ta 1960 ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba tare da dalili karɓaɓɓe ba. Wuƙa a akwatin kayan aikin mota, tare da jak da sifana, tana da bayani a shingen 'yan sanda. Wuƙa a ƙugun saurayi a tasha, ko a taron siyasa, ko a cinkoson bikin Damba, ba ta da shi. Kuma mu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi a idon wasu, ko da kakanninmu a Salaga aka haife su. Abin da yaro ɗaya ya yi, Zango duka ake kira. Shi ya sa in yaro ya zo saye nakan tambaye shi, "Ɗana, wane aiki za ka yi da ita?" In ya kama kame-kame, sai in ce ta ƙare. Na rasa ciniki da yawa a haka, ban taɓa rasa barci ba. Babban ɗana sai da ya fara bin mota zuwa Techiman na ba shi tasa, na ce wurinta jaka, ba ƙugu ba.

Iyaye mata, ku ne kuke wanke kayan yaran nan, kuna ganin abin da mu ba ma gani. In kun ci karo da irinta a ɗakin yaron da ba shi da sana'ar da ke buƙatarta, ku sanar da mahaifinsa tun da wuri. 'Yan uwana masu rumfa kuma, ku gwada kaya kafin ku saro, ku gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin mariƙi, don wata rana dukiyar wani ko ransa zai rataya a kan abin da kuka miƙa masa. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a kasuwa.