Fijon Baba Da Ɗigon Baƙin Mai

Kwana biyu kun ji ni shiru, to ba komai ya ɓoye ni ba illa motar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa.

Kamar yadda wasunku suka sani, a zangon Kumasi aka haifi Baba. Yana cikin waɗanda suka baro Gana a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice. Ya sauka Bauci da akwati ɗaya, ya fara sayar da goro, har Allah Ya hore masa ya sayi Fijo 504 haɗin Kaduna. Yakan ce ranar da ya shigo da ita unguwa ce maƙwabta suka daina kiransa ɗan Gwanja, suka koma cewa Alhaji. Da ya rasu sai motar ta faɗo hannuna, ni kuwa na rufe ta da tamfol kusan shekara biyu.

Matsalar ta taso ne da likita ya ce Hajiyarmu ta riƙa zuwa Jos duk wata ana duba idonta. Ita kuma ta ce ba ta shiga motar haya alhali ta mijinta na tsakar gida. Muka tayar da mota, amma duk inda ta kwana sai a ga baƙin mai ya ɗiga, daidai mahaɗar inji da giyabos. Bakaniken farko ya canza gasket da duk wata roba da ke wurin, bayan mako uku ɗigo ya dawo. Na biyu ma haka. Ran nan muna hawa wani tudu a hanyar Jos na taka totur, inji na ihu mota ba ta ja, ashe mai ya jiƙa kuloci. Hajiya na baya tana ta salati. A daren yayana ya ce, "Ka ga, a sayar da ita kawai kafin ta jawo mana abin da ya fi haka." Ban iya ba shi amsa ba.

Sai na tuna da wani dattijon bakanike da Baba ke kai wa aiki. Da ya ga motar ya daɗe yana shafa bonet ɗinta, sannan ya ce, "Ɗana, tayar da ita." Ya cire murfin zuba mai ya tara tafin hannunsa, sai ga hayaƙi na bugowa. Ya zaro geji, mai ya wuce layin sama. Ya ce, "Wa ya zuba wannan?" Na ce, "Ni ne, Baba, na ga tana zubarwa shi ne nake ƙarawa." Ya yi dariya ya ce na taya ɓera ɓari.

Ga bayanin da ya yi mini. Kirankishaf shi ne ƙarfen da fistan ke juyawa, kuma bakinsa biyu ne ke leƙowa waje: na gaba inda fuli yake, da na baya wajen kuloci. Tsofaffin injuna kowanne da yadda aka tsare waɗannan ƙofofi, wani da zoben roba, wani da igiya, wani kuwa zare ne kawai aka yanka a ƙarfen yana mayar da mai ciki. Duk cikinsu babu wanda aka yi don ya jure matsin iska. Ita kuwa iskar ƙonuwa kullum tana sulalewa ta gefen ringi zuwa cikin inji, shi ya sa aka yi mata bututun numfashi. In ya toshe, dole ta nemi hanya, ta turo mai waje. Da ya ciro namu, ƙurar hunturu da daskararren mai sun cushe shi kamar kwalta. Ko roba goma za a sa, in ji shi, sai ta fito.

Ya wanke bututun da ragar cikinsa da kananzir, ya rage mai zuwa daidai layi, ya canza faifan kuloci. Ya kuma gwada kirankishaf ɗin ko yana wasa, domin in metal ya cinye, ƙarfen na girgiza yana buɗe wa mai hanya. Namu da sauransa. Ringi dai ya ce sun tsufa, in fara tara kuɗinsu.

Nasihar da ya sallame ni da ita, ga ta ga duk mai tsohuwar mota. Kada mai ya wuce layin geji. A yi juye a kan lokaci, a duba bututun numfashi duk bayan hunturu. Kada a bar mota zaune wata da watanni, roba na bushewa ta tsage. In za a sa sabuwar roba a shafa mata mai a baki, a duba ko tsohuwar ta ci ƙarfen ta yi masa zobe. Sannan a wanke inji tas kafin a yanke hukunci, domin sau da yawa daga sama man ke gangarowa.

An daina haɗa 504 a Kaduna tun 2006, masu sanin cikinta kuma sai raguwa suke yi. Shi ya sa na rubuta wannan. Yanzu wata huɗu ke nan ina shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, da safe in same shi a bushe. Mun je Jos sau huɗu mun dawo lafiya, yayana kuma bai sake tayar da zancen sayarwa ba, shi ne ma ya biya kuɗin kulocin.

Hajiya na gaishe da mutanen Kumasi baki ɗaya. Wanda ya san inda ake samun ringin 504 na asali, don Allah ya sanar da ni. Wassalam.