Darasin da na ɗauko a bakin Matan Fada

A wannan mako zan ajiye zancen magani na ɗan lokaci, in ɗauke ku daga nan Maiduguri zuwa Argungu ta Jihar Kebbi, domin akwai abin da na gani a can wanda ya shafi rayukan 'ya'yanmu.

Tafiyar ba ta wasa ba ce. Daga Maiduguri sai ka bi Damaturu da Potiskum ka shiga Kano, ka wuce Gusau ka isa Sakkwato, sannan ka gangara Argungu. Na yi ta ne a watan Maris na 2020, shekarar da aka dawo da bikin kamun kifi bayan an yi shekara goma ba a yi ba.

Bikin ya samo asali ne daga sulhu. Kabawa da Daular Usmaniyya sun daɗe suna gaba, sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Aka shirya kamun kifi domin karrama baƙo, daga nan abin ya zama al'ada. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Amma a lokacin ma bikin a tsaye yake, tun bayan na 2009, saboda matsalar tsaro da ta addabi Arewa. Mu mutanen Barno ba sai an yi mana bayanin wannan ba.

Abin da aka fi sani shi ne ranar ƙarshe. Da an harba bindiga, dubban masunta su ruga cikin kogin Matan Fada da homa da gora, kowa na neman giwan ruwa. A shekarar da na je, kifin da ya yi nasara ya kai kilo 78. To amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Kabanci, wato wasannin ruwa da ake yi kafin ranar: tseren kwale-kwale, da ninƙaya, da nutso, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. Za ka ga matasa suna tuƙa jirgi hannu ɗaya kamar mutum guda, makaɗa na zuga su daga cikin wani jirgin. Idan jirgi ya kife, babu mai ihu, sai su birkito shi su ci gaba. Ba a ranar biki suka koya ba, tun suna ƙanana iyayensu ke shiga ruwa da su. Kuma ruwan yana da shugabanci, ba a shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Ban fahimci darajar wannan ba sai ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Kun tuna yadda kwale-kwale ya koma motar haya a titunanmu, aka riƙa kwaso mutane daga Gwange da sauran unguwanni. A ranar, wanda ya iya ruwa da wanda ya iya tuƙa jirgi su ne suka ceci jama'a. Da yawanmu kuwa, har da ni, ba mu da abin yi sai addu'a da jira.

Ga kogin Ngadda ya ratsa garinmu, ga kifin Tafkin Chadi muna saye a Tashar Baga, amma tarbiyyarmu game da ruwa ba ta wuce "kada ka je" ba. Yaro kuwa zai je, sai dai ya je a ɓoye, babu babba a kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ke mutuwa a ruwa duk shekara, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Don haka shawarata ga iyaye ita ce a nemi wanda ya ƙware ya koya wa yara ninƙaya, maza da mata, a wuri mai tsabta kuma babba yana tsaye. Duk wanda zai hau jirgi ya sa rigar kariya ko da ya iya ruwa, kuma a guji jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima da tafiyar dare.

Sai kuma ɓangaren aikina. Ruwan kogi da na tafki yana iya ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke rayuwa a jikin dodon-koɗi, ta shiga jikin mutum ta fata. Idan kuka ga jini a fitsarin yaro, kada ku ɗauka alamar balaga ce kamar yadda wasu ke cewa. A kai shi asibiti a gwada fitsarin. Maganinta Praziquantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyin yaro ko tsayinsa, kuma bayan ya ci abinci. Kada a saya a ba shi da ka. Idan aka yi sakaci, cutar na jawo ƙarancin jini, ta lalata mafitsara da ƙoda.

Mutanen Argungu sun yi shekara goma babu biki, amma da aka dawo da shi an samu matuƙa da masu nutso a shirye, domin ba su daina koya wa 'ya'yansu ba. Damina na nan tafe, Ngadda za ta sake cika. Kafin lokacin, kowane gida ya zauna ya duba mutum nawa ne a cikinsa suka iya ruwa.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.